Ranar da Merle Ya Ajiye Bindigar Hollis

A garinmu, can cikin tsaunukan Pennsylvania, in mutum ya sayi tsohuwar bindiga hankalinsa ba ya kwanciya sai Merle Ostrander ya taɓa ta. Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki. Kujera ce kawai ta ƙarfe, irin mai naɗewa, a kusurwar zauren 'yan kwana-kwana inda masu tara tsofaffin bindigogi ke baje kolinsu da bazara da kuma kaka, sai tebur a gabansa da aka shimfiɗa wa koren bargo. Nan Merle ya zauna shekara arba'in da ɗoriya yana ɓata wa mutane rai, kuma su da kansu ke bin layi su kawo masa.

Ubansa mai aski ne. Shi kuwa tun yana saurayi ya shiga masana'antar ƙera kayan tarakta da ke bakin kogi, ya yi ta gugar ƙarfe har aka rufe wurin. A can babban yatsansa ya koyi abin da ya yi masa suna. In maƙeri ya bi ƙarfe da magagari da hannunsa, layukan da zai bari ba sa zuwa daidai, wani ya yi zurfi wani ya kauce, don hannu yana gajiya kuma mai shi yana tunanin abincin rana. Inji ba ruwansa da wannan. Merle yakan lumshe ido ya bi gefen bindiga da yatsa, ya san ko mutum ne ya yi ta shekara ɗari biyu da suka wuce, ko kuwa wani ne ya yi ta bara a garejinsa. Daga baya ya ƙara da hanci. Tsohon katako da tsohon mai suna da warinsu, kuma in ka ga dattijo yana shinshina ƙotar bindiga a bainar jama'a ba tare da jin kunya ba, to Merle ne.

Su kuwa masu yin jabu, Allah ya shirye su, ba su taɓa hutawa ba. Wani ya samo bututun wata bindiga ya haɗa da ƙotar wata, mu aurarriya muke ce wa irin wannan. Wani ya buga sunan shahararren maƙeri a kan ƙarfen da maƙerin bai taɓa gani ba. Amma inda suka fi shan wahala shi ne fata. Tsohon ƙarfe yana yin wani duhu a hankali, ƙasa-ƙasa mai santsi, wanda gumin hannu da hayaƙin murhu da tsawon zamani suka taru suka yi, shi ne muke kira fata. Ita ce shaidar bindiga, ba a wanke ta, ba a goge ta, in ta tafi kuma ta tafi ke nan. Don su kwaikwayi wannan duhun, mutanen nan har binne ƙarfe suke a takin doki, su jiƙa shi da ruwan gishiri, su rataye shi a saman murhu duk tsawon sanyi. Kowace shekara ƙwarewarsu ƙaruwa take, shi kuma Merle tsufa yake.

Mafi yawan abin da ake kawo masa jabu ne, kuma mafi yawan masu kawowa ba 'yan damfara ba ne, su aka damfara. Gwauruwa ta zo da abin da mijinta ya yi ta alfahari da shi har ya mutu. Magidanci ya zo da bindigar da ya gaya wa 'ya'yansa cewa kakan kakansu ya je yaƙi da ita. Merle ya ga fuskoki da yawa suna faɗuwa a gaban teburin nan. A coci ana gaishe shi daga nesa. Masu zuwa farautar barewa sun daɗe da daina gayyatarsa. Matarsa Nadine takan ce in ya dawo daga baje koli sai ya zauna a mota ya daɗe kafin ya shigo gida, ita kuma ta koyi ƙyale shi.

A zauren nan ba a furta kalmar jabu. Da can wani ya taɓa furta ta da ƙarfi, aka ba hammata iska a tsakanin tebura, lauyoyi suka shigo, magana ta ƙi ƙarewa har ɗaya daga cikin masu rigimar ya bar gari. Tun daga nan baki ya daina aiki, hannu ya karɓa. In bindiga ta gaske ce, Merle zai juya ta, ya miƙe hannu ya ba mai ita ƙota a tafinsa. In ta jabu ce, sai ya kwantar da ita a kan koren bargon, mai ita ya ɗauki abarsa da kansa. Shi ke nan. Ba zagi, ba shari'a, kuma kafin mutum ya kai ƙofa duk zauren ya sani. Bindigar da aka ajiye a tebur ta ajiyu har abada, ko a wace jiha aka kai ta labarin ya riga ta zuwa. Muna taƙama da wannan al'ada, muna cewa ta masu mutunci ce.

Aboki ɗaya ya rage wa Merle, Hollis Crabtree, wanda suka yi firamare tare, ya kuma ƙare rayuwarsa yana tuƙa motar 'yan makaranta. Kowa ya san dalilin da abotarsu ta daɗe. Hollis yana da ƙaramar bindiga irin ta ɗuri, mai dutsen ƙyastu, da ya gada wajen kakansa, kuma bai taɓa bari Merle ya ɗora mata yatsa ba. Tana cikin safar ulu, safar tana cikin akwati, akwatin yana saman kabad. Shi kansa Hollis ba ya taɓa ta sai da safar hannu. Duk ranar Talata sukan haɗu su karya kumallo a ɗan gidan abincin da ke kusa da gidan mai, kuma da wuya a tashi ba a yi wannan tsokanar ba.

"Kai Hollis, yaushe za ka kawo mini tsohuwar nan in gaishe ta?"

"Ranar da ka makance."

"Kallo kawai zan yi, mutumina."

"Haka ka ce wa Vernon ranar da ya kawo maka tasa, ga shi har aka binne shi bai ƙara yi maka magana ba. Ci ƙwanka, malam, ka bar mini kakana ya huta."

Sai su yi dariya, Merle ya ce matsoraci, Hollis ya ce mugu, a ƙaro kofi. A ransa Merle ma ba ya son a kawo masa ita. Ya san yadda bindigogin gado suke ƙarewa a teburinsa.

Hannun Merle na dama ne ya fara. Da farko cokali ne ke ɗan kaɗawa a bakin kofi, daga baya ya zamana in ya miƙe hannun ya riƙe abu mai ɗan nauyi sai ya kama rawa, ba ya tsayawa sai ya ga dama. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ba da ƙwayoyi, ya ce ba ya komawa baya. Merle ya koyi dabaru. Ya koma shan kofi da hagu, ya ce kafaɗa ce ke damunsa. Ya riƙa ajiye dama a aljihun jaket. A zaure kuma yakan kafa gwiwar hannu a tebur, ya duba bindiga da sauri, ya mayar kafin rawar ta farka. Mutane suka ce tsohon ya ƙware har ba ya buƙatar dogon kallo.

"Ka gaya musu mana," in ji Nadine. "Ciwo ne, ba sata ka yi ba."

"In gaya musu me? Wa zai miƙa wa mai karkarwa abin da ya girmi kakansa? Siminti ne fa a ƙasan zauren nan."

"To sai me? Kai da kullum kake cewa ka gaji da kujerar."

Ya gaji da ita kuwa, gajiya ta gaske, har cikin ƙashi. Amma in an naɗe kujerar an jingine, bai san ko shi wane ne ba. Masana'anta ta rufe, shi da Nadine ba su samu haihuwa ba, gari ba ya sonsa sosai amma yana buƙatarsa, kuma ya saba rayuwa a kan wannan buƙatar. Bai iya faɗa wa Nadine haka ba, sai ya ce mata miyar ta yi gishiri.

A wannan shekarar matar Hollis ta rasu. 'Yarsa Loretta ta matsa masa ya sayar da gida ya koma wajenta Arizona kafin sanyi ya sauko, shi kuma ya gaji da gardama ya yarda. Abu ɗaya ya so ya bari a garin. Akwai ɗan gidan tarihi na gunduma a tsohon ofishin jirgin ƙasa, yana so a sa bindigar a cikin gilashi, da sunan kakansa a rubuce kusa da ita, don in an daina ganin Crabtree a titi a riƙa ganinsa a can. Matar da ke kula da wurin ta ce da murna, amma ka'ida ita ce sai ta bi ta hannun Merle. Hollis bai gaya wa abokinsa komai ba. Ya yi ta juya abin a ransa shi kaɗai har baje kolin kaka ya zo.

Ranar Asabar ce, zauren ya cika, warin soyayyar albasa da nama ya gauraye da na man bindiga. Wajen azahar sai ga Hollis ya shigo da kwat ɗinsa ta zuwa coci, da safar ulu a rungume a ƙirji. Ba wanda bai san labarin safar nan ba, don haka mutane suka bar cinikinsu suka biyo shi. A gaba-gaba akwai Royce Tillery, wani dillali mai ƙaton ciki da ƙaton baki, wanda ya daɗe yana auna kujerar Merle da ido.

"Jama'a ku matso, yau amarya ta fito!" in ji Royce.

Hollis bai kula shi ba. Ya tsaya gaban teburin, goshinsa duk gumi. "Ga ta, Merle. Gidan tarihi sun ce sai kai. Ka yi abin da za ka yi, amma don Allah ka yi da sauri, ƙafafuna ba za su daɗe ba."

Merle ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya karɓa, ya zare safar a hankali.

Tun kafin ya kai ta hanci ya sani. Katakon ya yi duhu ya yi laushi a daidai inda tafin mutum ke zama. Azurfar gindin ta cinye ta gefe ɗaya, gefen da ke gogar ɗamara. Ya bi ƙarfen da yatsa, ga layukan magagari nan, karkatattu, na mutum mai gajiya. Ba a taɓa raba bututun da ƙotarsa ba, ba a taɓa sa wa kusoshin sukuddireba ta zamani ba. Fatar kuwa, bai taɓa ganin irinta ba, lafiyayya tun daga baki har gindi, don zuri'ar Crabtree duk matsorata ne, ba wanda ya taɓa yin ƙarfin halin goge ta. A tsawon zamansa a kujerar nan bai riƙe abu mai gaskiya kamar wannan ba. Daɗi ya kama shi irin wanda ya manta akwai shi, har idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya manta da sauri, ya manta da dabara.

Nan hannun ya farka. Ya ji shi tun daga gwiwa, yana tahowa. Bakin bindigar ya fara ɗan kaɗawa. Don ya mayar wa Hollis sai ya ɗaga gwiwar daga tebur, ya miƙe hannun gaba ɗaya a sarari, a gaban idon kowa, a saman siminti, kuma a nan ne rawar ta fi tsanani. Ya ga bindigar tana suɓucewa, ya ga katakon nan yana tsagewa biyu. Ya ga Royce yana kallo. Bai yi shawara ba, bai ma san ya yi ba. Ya kwantar da ita a kan bargon, ya cusa hannun a aljihu ya danne shi da cinya.

Zauren ya yi tsit, har ana jin mai na tafasa a kicin.

Hollis ya daɗe yana kallon bindigar a inda take kwance. Sannan ya gyaɗa kai, ya ɗauke ta da hannunsa tsirara, abin da bai taɓa yi ba, ya mayar cikin safa. "To," ya ce. "Na gode, Merle." Ya juya, mutane suka buɗe masa hanya.

Da Merle ya ɗaga murya a lokacin, da an gama. Ya buɗe baki kuwa. Amma a zauren nan magana ba ta soke abin da hannu ya yi, sai in ya fito da hannun ya nuna dalili, kuma hannun yana can cikin aljihu yana ta fizga kamar kifi a ƙugiya. Ya rufe bakin. Mu kuma da muke tsaye, ba wanda ya ce, tsaya, me ya sa idon tsohon nan ya yi ruwa? Mun ga bindiga a tebur, mun gama karatu. Wasu har sun zaro waya.

"Ashe kakan ma ɗan kasuwa ne," in ji Royce, aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ya dafa kafaɗar Merle. "Gaskiya na sara maka, dattijo. Ko abokinka ba ka ƙyale ba."

Da yamma Nadine ta same shi a mota a ƙofar gida, wannan karon ba ta ƙyale shi ba. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga ta zauna, don labari ya riga shi isowa.

"Ta jabu ce da gaske?"

"Ta fi ni gaskiya."

Ta dube shi, ta dubi aljihun. Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. "Juya motar nan ka tafi gidansa yanzu."

"Ba zai yi amfani ba, Nadine. In na ce ta gaske ce yanzu, cewa za a yi tausayin aboki ne. Sai dai in tsaya a gaban kowa in nuna musu."

"To ka tsaya mana. Gobe ma akwai kasuwa."

"Gobe," ya ce.

Gobe ta zo ya ce kansa na ciwo, baje koli ya watse ba shi. Talata ta zo bai je karin kumallo ba, ya ce tayar mota ta yi sanyi. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga. Kullum da safe yakan shirya maganar tsaf a ransa, ya ce bayan abincin rana, bayan abincin rana kuma sai jikinsa ya yi nauyi ya ce ai mutumin yana fama da haɗa kaya. Ba mugunta ba ce, kunya ce da gajiya, amma wanda aka yi wa ba ya jin bambanci. Ganyaye suka gama zuba, aka kafa allon sayarwa a gaban gidan Hollis. Ranar nan Nadine ta kawo masa faranti, ya buɗe ya ga makullin mota a ciki maimakon abinci.

"In ka dawo ka ci," ta ce. "In ba ka je ba kuma, ni zan je, in faɗa da bakina, kuma ba zan gyara maka ba."

Ya sami Hollis a baranda, a tsakiyar kwalaye, yana zaune a kan ɗan benci ya shimfiɗa jarida a cinya. Rana tana dukan wani abu mai ƙyalli a hannunsa. Merle ya hau matakala biyu ya tsaya. A gefen bencin akwai soson ƙarfe irin na wanke tukunya, da gwangwanin man goge tagulla a buɗe, da tsumma da ya yi baƙi ƙirin.

"A'a, ga mugu!" in ji Hollis da fara'a. "Na ce ko ka mutu ne ba a gaya mini ba. Ture kwalin nan ka zauna. Dubi yadda ta fito, kamar jiya aka yi ta."

Bututun ya yi fari fat. Azurfar tana ɗaukar ido. Har katakon ya bi da samfefa ya shafa masa sabon mai. Layukan magagarin nan duk sun tafi, ƙarfen ya yi sumul. Ɗan wuri kaɗan ya rage a ƙarƙashin kunamar bindigar, bai fi faɗin babban yatsa ba, inda tsohon duhun ke nan yadda yake.

Merle ya ture kwalin ya zauna.

"Kada ka yi wannan fuskar," in ji Hollis, yana ci gaba da gugarsa. "Na yi fushi da kai kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Har na ce ba zan yi maka sallama ba. Sai kuma na zauna na yi tunani, na ga ashe kaya ka sauke mini. Tun ina yaro nake tsoron abin nan. Kada ta jiƙe, kada ta faɗi, kada a sace, kada Merle ya gani. Ban taɓa jin sanyinta a tafina ba sai ranar nan. Ka san me na yi shekaranjiya? Na ɗura mata albarushi na harba a bayan gida! Ƙara kamar me, kare ya shige ƙarƙashin mota, ni kuwa na yi ta dariya ni kaɗai. Na ce tunda ta wasa ce, gara ta yi kyau a bangon Loretta. Kaka kuma, Allah ya jiƙansa, wataƙila shi ma cutarsa aka yi."

"Hollis, dakata."

"Saura kaɗan in gama."

"Na ce ka dakata."

Merle ya zaro hannun dama daga aljihu ya miƙe shi a tsakaninsu, a sarari, ya bar shi. Hannun ya yi abin da ya saba. Yatsun suka kama kaɗawa, sannan wuyan hannun, har hannun rigar yana motsi. Bai taɓa barin kowa ya gani haka ba, ko Nadine a sace take gani.

"Wannan ne ya ajiye ta," ya ce. "Ba ni ba. Na ji za ta faɗi, kuma na ji tsoron a gani. Ta gaske ce, Hollis. Ban taɓa riƙe wadda ta kai ta ba. Kakanka bai yi ƙarya ba, ba a kuma cuce shi ba."

Soson ya tsaya. Hollis ya dubi hannun, ya daɗe, sannan ya dubi abin da ke cinyarsa. Ya juya ta, ya sake juyawa, rana tana ta wasa a jikin ƙarfen. Can ƙasan titi wata mota ta wuce.

"Ta gaske," ya ce a hankali.

"Ta gaske."

"Yanzu fa?"

Merle ya so ya yi masa ƙarya, amma bai iya ba, bai taɓa koya ba. "Yanzu ko ni aka kawo wa ita, ba zan iya rantsuwa a kanta ba. Sai dai ɗan wurin nan na ƙarƙashin kunama. Ka bar shi. Zan je wajen matar gidan tarihin in gaya mata komai, in nuna mata hannun, in tsaya a zaure da bazara in faɗa wa kowa. Wataƙila..."

"Wataƙila su sa ta a gilashi su rubuta, ga bindigar da wawan jikan ya kankare da soson tukunya." Hollis bai ɗaga murya ba. "Tun yaushe hannun?"

"Tun bara. Kafin bara ma."

"Kafin bara." Ya gyaɗa kai. "Ina zaune gabanka kowane mako, kana ce mini kafaɗa. Ni na gaya maka ranar da likita ya ce matata ba za ta tashi ba, tun kafin in gaya wa 'yata. A mota na yi maka kuka, Merle. Kai kuwa hannu kawai, hannu, ka kasa."

Merle ya mayar da hannun kan gwiwarsa, ya ci gaba da rawarsa a can.

Hollis ya dangwali mai da soson. Ya kifa bindigar, ya sa soson a ɗan wurin da ya rage, ya fara gugawa a hankali, ba da fushi ba, yadda mutum ke ƙarasa aikin da ya riga ya fara. Merle ya zauna yana kallo har duhun ya ƙare. Bai hana shi ba, ba shi da bakin hanawa. Da aka gama Hollis ya share ta da tsumma, ya naɗe ta a jaridar, ya sa a kwalin da ke kusa, tare da kofuna da agogon bango.

"Ka tafi tun da sauran rana," ya ce. "Hanyar nan ba ta mai hannu ɗaya ba ce."

Merle ya sauka ya shiga mota. Ya zaro makulli, ya nufi ramin, makullin ya kauce. Ya sake, ya sake kaucewa, yana ta ƙwanƙwasa ƙarfen gefe. Ya gwada da hagu, sitiyari ya tare shi. Ya zauna da makullin a hannu yana kallon gabansa, gajiyar duniya ta taru ta sauko masa, har ya ji ko a nan aka bar shi ya kwana ba zai damu ba.

Ya ji takun ƙafa a kan tsakuwa. Hollis ya zuro hannu ta taga, yatsunsa baƙi da man gugar, ya karɓi makullin ya sa a ramin ya murɗa, motar ta tashi. Bai dube shi ba. Ya koma baranda ya ci gaba da ɗaure kwalayensa.